Daga Killace Alhazai Zuwa Duba Mama: Tarihin Binciken Likita a Ƙasar Jazira da Rabon Hausawan Sudan

Gabatarwa

Tsakanin kogin Farin Nilu da na Shuɗin Nilu, kudu da birnin Hartum, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili mai baƙar laka wanda mutanen Sudan ke kira Jazira, wato tsibiri, saboda ruwa ya sa shi tsakiya. A wannan fili da kuma gaɓar Shuɗin Nilu, daga Wad Madani zuwa Sinnar har Damazin, akwai ƙauyuka da unguwanni da ake jin Hausa a cikinsu fiye da shekara ɗari ke nan. Masu tarihi sun yi rubutu mai yawa a kan hijirar kakannin waɗannan mutane da aikin da suka yi a gonakin auduga. Wannan maƙala za ta bi tarihin nasu ta wata ƙofa dabam, wato ta hannun likita: wane ne aka duba, wa ya duba shi, kuma don amfanin wa aka yi dubawar. Za a tsaya musamman a kan sankarar mama, domin ita ce ciwon dajin da ya fi kama matan Sudan, kuma ita ce cutar da ran mace ke rataye a kan lokacin da hannu ya fara taɓa ƙullutun.

Sunayen cutar

Ya kamata ɗalibin Hausa ya fara da sunaye. Bahaushe yana da kalmomi uku da yake kiran wannan cuta da su: ciwon daji, sankara, da kansa. Kansa aro ce daga Ingilishi, ta shigo ta asibiti da rediyo. Daji da sankara kuwa tsofaffin kalmomi ne, kuma a bakin masu maganin gargajiya sun fi faɗi, domin suna ɗaukar miyagun kumburi da gyambon da ya ƙi warkewa ko da ba irin wanda likita zai kira kansa ba ne. Haka kuma akwai mama da nono. Nono yana nufin gaɓar, yana kuma nufin abin da ake tatsa, shi ya sa masu fassarar kiwon lafiya suka fi son mama idan ana maganar cuta, don gudun ruɗani da kuma sakaya zance. Ƙari shi ne tsiron da ya fito a jiki, ƙullutu shi ne abin da yatsa ke ji a ƙarƙashin fata, kaluluwa kuma ita ce kumburin da ke tasowa a hammata ko a matsematsi.

Da Larabci sunan cutar saraɗan, ma'anarsa ta asali ƙaguwa. Likitocin Girka na dā ne suka fara wannan kamance, saboda jijiyoyin da ke miƙewa daga ƙarin sun yi musu kama da ƙafafun ƙaguwa, Larabawa suka fassara. Bahaushiyar Jazira tana rayuwa tsakanin waɗannan harsuna biyu: a gida ciwon daji, a asibiti saraɗan. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum, a littafin da ya wallafa a 1999 kan Hausar Sudan, ya nuna yadda harshen ya cika da aron Larabci. Larabcin Sudan yana kiran dubawar likita kashf, wato buɗewa ko yaye lulluɓi, ungozoma kuma daya. Mai karatu ya riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin a kansu sauran labarin ya ginu.

Yadda Hausawa suka isa gaɓar Nilu

Hanyar hajji ta ƙasa ce ta kawo su. Daga Kano a bi ta Borno, a ƙetare Wadai da Darfur da Kurdufan, a tsallake Nilu, a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, mutum yana yada zango ya yi noma ko dako ya tara guzuri, sannan ya ƙara gaba. Da yawa sun tsaya a hanya har mutuwa, 'ya'yansu suka gaji zangon.

Zuwan Turawa ya mai da wannan ɗigo ambaliya. Sakkwato ta faɗi a hannun Ingilishi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, suka isa gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906, inda aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, Mai Wurno, kudu da Sinnar. Fulani da Hausawa da Barebari duk mutanen ƙasar suka haɗa su a suna ɗaya, Fallata ko Takari.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman rani na Jazira da faddan 300,000, wanda daga baya, bayan an ƙara yankin Manaƙil, ya haura faddan miliyan 2. Auduga ake nomawa don masaƙun Ingila, kuma auduga tana cin hannu. Mutanen yamma suka zama ƙashin bayan shema da cirar kaɗa. Wasu sun samu gonar haya da ake kira hawasha, amma mafi yawa 'yan ƙodago ne da ke zaune a sansanonin gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira kambo, jam'i kanabi. Mark Duffield ya rubuta littafi a kan Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba kuma ya rubuta nasa a 1995 a kan ƙauyukan da jikokin alhazai ke ɗaukar kansu matafiya har yanzu, suna jiran ranar ƙarasawa Makka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗora sharaɗin cewa zuriyar mutum ta kasance a Sudan tun kafin Ingila da Masar su ci ƙasar a 1898, sai ta bar da yawa daga cikin waɗannan iyalai a matsayin baƙi a ƙasar da aka haife su. Wanda ba shi da takarda ba shi da bakin neman a gina masa asibiti.

Dubawa ta farko: tsaron auduga

Haɗuwar farko tsakanin waɗannan mutane da likitan Turawa ta kasance a wuraren killacewa. Hukuma tana tsoron tsargiya, wato cutar fitsarin jini, domin ƙwayarta tana rayuwa cikin ƙananan katantanwa na ruwa mai kwanciya, kuma magudanan Jazira gida ne mai kyau gare su. Idan tsargiya ta kama manoma, auduga ta faɗi. Saboda haka aka riƙa tare masu shigowa daga yamma a mashigan Farin Nilu irin su Kosti, a duba fitsarinsu, wanda aka samu da cutar a tsare shi a yi masa allurai kafin a bar shi ya wuce. Maganin kuwa a Hartum aka gano amfaninsa, inda likita J. B. Christopherson ya bayyana a 1918 cewa allurar wani sinadarin antimoni tana kashe tsutsar. A Sawakin ma akwai wurin killace alhazai saboda annoba.

Wannan dubawa tana da siffofi uku da suka bar tabo. An yi ta ne don kare gona da gwamnati, lafiyar wanda ake dubawa ta zo a baya. An yi ta da tilas, a kan hanya, ga mutumin da ke gaggawar wucewa. Kuma abin da ake nema cuta ce mai yaɗuwa wadda ke hana aiki. Ciwon da ke cin mace ɗaya a cikin ɗakinta, wanda ba ya tsallakawa kan kowa, bai shiga lissafin ba. Don haka mace mai ƙari a mama ta ci gaba da zuwa inda uwarta ta je: wurin malam a yi rubutu da tofi, wurin mai saiwoyi a ba da na shafawa, wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho.

Ungozoma mai akwati

Ƙofar da likitancin zamani ya shiga ɗakin mata ita ce haihuwa. A 1921 wata Baturiya mai suna Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozomomi a Umdurman, daga baya 'yar'uwarta Gertrude ta zo ta taya ta. Yawancin ɗaliban farko ba su iya karatu ba. Sai aka koyar da su ta hannu da hanci da harshe: su gane magani da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa, su gane kwanciyar jariri da taɓawa. Wadda ta gama a ba ta akwatin kayan aiki ta koma garinsu. Shekara uku bayan haka, a 1924, aka buɗe makarantar likitanci ta Kitchener a Hartum, wadda ta fara yaye likitoci 'yan ƙasa, maza.

Makarantar Umdurman ta tabbatar da abu ɗaya da zai dawo bayan shekara casa'in: macen ƙauye wadda ba ta yi boko mai zurfi ba tana iya koyon bincike da hannu, kuma mata za su buɗe mata abin da ba za su buɗe wa baƙon namiji ba. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma kowace mace ta san a gaban wa take wankan.

Abin da hannu ke nema

Duba mama da hannu ya girmi duk wata na'ura, kuma mafi tsufan rubutu a kansa daga kwarin Nilu ya fito. Takardar Masar da ake kira da sunan Edwin Smith, wadda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ƙunshi bayanin majinyata 48. Na 45 a cikinsu mai ƙullutai ne a ƙirji, masu tauri, masu sanyi in an taɓa, ba zazzaɓi, kuma marubucin ya yanke cewa babu magani. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin cewa ana iya yanke saraɗan idan yana farkonsa kuma a wurin da za a iya cire shi duka, kamar mama, amma idan ya tsufa ya girma a ƙyale shi. A Amurka William Halsted ya bayyana tiyatarsa ta cire mama gaba ɗaya da naman ƙirji da kaluluwar hammata a 1894. A 1943 Haagensen da Stout, bayan nazarin majinyata masu yawa a New York, suka jera alamomin da ido da hannu ke gani waɗanda ke nuna cewa wuƙa kaɗai ba za ta warkar ba, kamar kumburin fata mai faɗi, da kumburin hannu, da kaluluwa a gindin wuya. A tsakanin 1943 da 1952 kuma Pierre Denoix na Faransa ya tsara ma'aunin TNM, wanda ke auna girman ƙari, da halin kaluluwa, da yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi.

Dubawar da ake koyarwa a yau tana tafiya hawa uku. Da farko tambaya: yaushe aka fara jin abin, yana girma ko yana nan yadda yake, shekarun mace nawa, haihuwa nawa, tana shayarwa ko ta yaye, akwai wadda ta yi irinsa a dangi. Na biyu kallo: mace tana zaune, hannuwa a sake, sannan ta ɗaga su sama, sannan ta kama ƙugu ta matsa. Mai duba yana neman bambancin girma da ya zo sabo, lotsawar fata, fata da ta yi ƙofofi kamar ɓawon lemo, kan mama da ya shige ciki, gyambo, ko jini da ke fita. Na uku taɓawa: mace tana kwance, hannu a bayan kai, mai duba ya bi maman duka da tafin yatsu uku na tsakiya, a hankali sannan da ɗan ƙarfi, har zuwa hammata da gindin wuya. Ƙullutu mai santsi mai zillewa a ƙarƙashin yatsa, musamman a jikin budurwa, yawanci ba daji ba ne. Mai tauri kamar dutse, mai gefe ba daidai ba, wanda ya kafe bai motsi, shi ne abin tsoro, kuma sau da yawa ba ya ciwo, wanda shi ne dalilin da ya sa ake raina shi.

Ma'aunin girma yana da muhimmanci. Ƙarin da bai wuce santimita 2 ba shi ne hawa na farko a ma'aunin girma, daga 2 zuwa 5 na biyu, sama da 5 na uku, wanda ya kama fata ko bangon ƙirji kuma na huɗu. Hannu ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Bayansa sai hoto, ko sikanin ko mamogiram, sannan a ɗebo ɗan nama da allura a duba a madubin likita. Waɗannan uku tare su ne ke tabbatar da cuta.

Injuna a birni, marasa lafiya a ƙauye

A 1967 aka buɗe cibiyar gashin ciwon daji ta Hartum, kuma fiye da shekara talatin ita kaɗai ce a ƙasar da a lokacin ta fi kowace ƙasa girma a Afirka. Mace daga Mai Wurno ko Rusairis sai ta sayar da akuya ko hatsi, ta samu muharramin da zai bar gona ya raka ta, ta nemi masauki a babban birni na makonni.

Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a Wad Madani a 1975, ta zo da wata manufa dabam. Tsangayarta ta likitanci, wadda ta karɓi ɗaliban farko a 1978, ta shahara da tura ɗalibai ƙauyuka su zauna su koyi cututtukan mutane a inda mutanen suke. A ƙarƙashin wannan jami'a aka samu cibiyar ciwon daji ta biyu a Sudan, wadda ta fara kula da majinyata a 1999, aka san ta daga baya da Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa. Ita ce asibitin da ya fi kusa da Hausawan Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu.

Bayanan wannan cibiya sun nuna girman matsalar. A cikin mata 1,255 da aka yi wa jinyar sankarar mama a wurin tsakanin 1999 da 2006, kusan kashi uku cikin huɗu ba su kai shekara 50 ba, kuma kimanin kashi 60 cikin ɗari sun zo ne cutar tana mataki na uku ko sama. Waɗannan lambobi biyu sun rufe hanyar kwaikwayon Turai. A can ana gayyatar mata masu shekara 50 zuwa sama a ɗauki hoton mamogiram, domin a tsinci ƙarin da hannu bai isa ya ji ba. A Jazira marasa lafiyar matasa ne, kuma naman maman matashiya yana da kauri, hoton ba ya gani sosai a cikinsa. Injunan kaɗan ne, a birni suke. Sannan matar da ta zo da ƙari kamar ƙwan kaza ba hoto ta rasa ba, ta rasa wanda zai taɓa ya ce mata tashi ki tafi tun yana kamar gyaɗa.

Gwajin Keremet

Daga nan ne Dakta Dafalla Abuidris na cibiyar Wad Madani da Farfesa Sulma Mohammed ta Jami'ar Purdue a Amurka da abokan aikinsu suka shirya wani gwaji a jihar Jazira. Suka zaɓi gundumomi biyu: Keremet mai ƙauyuka 56, inda za a yi aikin, da Abu Guta mai ƙauyuka 79, inda ba a yi komai ba don a samu abin kwatance. Aka ɗauki mata 'yan sa kai daga ƙauyukan Keremet, aka koya musu duba mama, suka riƙa bi gida gida suna duba duk macen da ta kai shekara 18. Aka kuma yi taron wayar da kai ga maza da mata, domin a irin wannan wuri mace ba ta fita asibiti sai da yardar miji da kuɗinsa.

Mujallar Lancet Oncology ta buga sakamakon a 2013. Daga 1 ga Janairu 2010 zuwa 10 ga Oktoba 2012 an duba mata 10,309 daga cikin 14,788, wato kashi 70 cikin ɗari. An tura 138 asibiti. Mata 20 ba su je ba. A cikin 118 da suka je, 101 ƙarinsu ba daji ba ne, 8 cutar tana farkon farawa ba ta fita daga bututun nono ba, 9 kuma daji ne sosai. Bayan jinya, 12 daga cikin waɗannan 17 sun rabu da cutar. A Abu Guta kuwa mata huɗu kaɗai suka kai kansu cibiyar a wannan tsakani, uku daga cikinsu cutar ta riga ta yi nisa.

Akwai abin lura a cikin lissafin. A waɗanda suka je, kusan mace ɗaya cikin bakwai ce aka samu da cutar. Idan haka rabon yake a cikin ashirin ɗin da suka zauna gida, to wajen mata uku ne aka gano su da hannu sannan aka rasa su a hanya. Dubawa ta yi aikinta, abin da ya biyo bayanta ne ya yanke: kuɗin mota, tsoron wuƙa, tsoron kishiya, da zancen da ke yawo cewa wadda aka taɓa wa daji da ƙarfe ba ta tashi. Wannan zance yana da tushe a abin da mutane suka gani, domin waɗanda suka je a makare su ne suka fi mutuwa bayan tiyata, sai aka ɗora wa wuƙa laifin jinkiri.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe ya ƙarfafa hanyar. A Shanghai an koya wa mata masu aikin masaƙa duba kansu, a gwajin da ya ƙunshi fiye da mata 260,000, sakamakon 2002 bai nuna raguwar mutuwa ba. A Mumbai kuwa asibitin Tata ya bi mata 151,538 har shekara 20, inda ma'aikatan lafiya mata da aka horar suke duba rabinsu duk shekara biyu. Sakamakon 2021 ya nuna ana gano cutar da wuri, kuma mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakanin masu shekara 50 zuwa sama. Hannun da aka horar, wanda ke da asibiti a bayansa, shi ne ya ceci rai.

Rabon Bahaushiya

Idan an auna matsayin matan Hausawa da wannan ma'auni, za a ga shingaye biyu da suka ƙaru a kan na sauran matan karkara. Na farko wurin zama. Kanabi da yawa an bar su ba a lissafa su cikin ƙauyukan hukuma ba, don haka ba makaranta, ba ɗakin shan magani, ba ruwa mai tsabta, kuma shirin da ke bin jerin ƙauyuka yana iya tsallake su. Na biyu harshe. Rabin binciken likita tambaya ce, kuma macen da Hausa ce harshen cikin gidanta za ta iya ciniki da Larabci a kasuwa amma ta kasa faɗin yadda ciwo yake mata. Idan ɗanta ko mijinta ne tafinta, kunya za ta sa ta ce ƙirji ke mata ciwo, likita ya sa abin sauraro a ƙirji ya ba da maganin tari. Maganin shingayen biyu ɗaya ne, kuma tun 1921 aka san shi: mai dubawa ta zama 'yar garin, mai jin harshen, wadda za ta shiga har ɗaki ta ce, "Inna, kawo in gani," a buɗe mata.

Yaƙi

Wannan sarƙa ta fara tsinkewa tun kafin babban yaƙi. A Yuli da Oktoba na 2022 rikici kan ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu ya kashe ɗaruruwan mutane, dubbai suka bar gidajensu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojoji da dakarun RSF, asibitocin babban birni suka tsaya, masu ciwon daji suka kwararo Wad Madani. A Disamba na wannan shekara Wad Madani ma ta faɗa hannun RSF, cibiyar da ta zama mafakar ƙasa duka ta shiga cikin wuta. Sinja, hedikwatar jihar Sinnar, ta faɗi a tsakiyar 2024. Sojoji sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairu 2025, kuma a waɗannan kwanaki ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ba da rahoton hare-hare a kan mazauna kanabi. Jinyar sankara ba ta jure katsewa. Ƙarin ruwan magani yana tafiya zango zango, mako uku tsakani a mafi yawan tsari, gashi kuma kullum ne har makonni. Wadda aka tsayar wa magani a tsakiya, cutar ba ta tsaya jiran sulhu.

Kammalawa

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri kan sankarar mama, cutar da ta kama mata kimanin miliyan 2.3 ta kashe 685,000 a 2020. Shirin ya tsaya a kan ƙafa uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar tana mataki na ɗaya ko na biyu, a tabbatar da cutar cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, kuma kashi 80 cikin ɗari su kammala jinya. Tarihin Jazira ya taɓa kowace ƙafa. Zamanin killacewa ya duba mutane don amfanin gona. Makarantar Umdurman ta nuna wadda mata ke yarda da hannunta. Cibiyar Wad Madani ta kawo magani kusa, gwajin Keremet ya kai dubawa har ƙofar ɗaki, yaƙi kuma ya nuna cewa in ƙafa ta uku ta karye, biyun farko ba sa ɗaukar tukunya.

Darasin bai tsaya a Sudan ba. Matan Kano da Katsina da Maraɗi su ma da yawa suna isa asibiti cutar ta yi nisa, saboda dalilan da suka yi kama da na 'yan'uwansu na gaɓar Nilu. Ɗalibin Hausa da zai zama mai fassara, ko ɗan jarida, ko malamin makaranta, yana da nasa aiki a nan: ya san bambancin ƙari da daji, ya san cewa ƙullutun da ba ya ciwo shi ma abin kaiwa asibiti ne, ya kuma iya faɗin haka da Hausar da tsohuwa za ta saurara ba tare da ta rufe fuska ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.